Kan da Bai Fashe Ba

Ranar da ɗan acaɓa ya kayar da Baba, hularsa aka fara dubawa. Baffa, wan Baba, shi ya karɓe ta ya juya ya leƙa cikinta, sannan ya ɗaga ta sama ya nuna wa mutanen da suka cika tsakar gidanmu na Gyadi-Gyadi. Babu ko ɗigon jini. Ya ce, "Alhamdu lillahi, kai bai fashe ba. Allah ya taƙaita." Kowa ya ce amin, har da ni. Ina faɗin wannan tun da farko don kada wani ya zaci ni kaɗai ce mai hankali a gidan.

Lokacin soja sun koma bariki da 'yan shekaru, ana shirin zaɓe karo na biyu. Babu katangar da ta tsira daga fastoci, kuma duk ɗan takarar da yake so a san da zamansa sai ya tara 'yan acaɓa ya zuba musu mai, su yi ta zagaye gari suna danna hon. Baba yana dawowa daga ofis a bayan wani babur na haya, suka yi kiciɓis da irin wannan gayya a kwanar da ake shigowa unguwarmu. Ɗan acaɓan ya kauce, taya ta hau yashi, Baba ya sauka ta baya, ƙeyarsa ta bugi bakin kwalbati. Ya gurje gwiwa, ya yi targaɗe a hannun hagu. Waɗannan biyun su ido yake gani, don haka su aka yi wa magani.

Baba akawu ne a wata ma'aikata, shi ke kula da fayil-fayil, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Tunda nake ban taɓa jin ya ce wani wuri yana masa ciwo ba. In zazzaɓi ya kwantar da shi, sai ya ce sanyi ne ya ɗan taɓa shi. Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a wata firamare, gidan aurena yana Tarauni, kuma kullum in an tashi daga makaranta sai na biya ta gida na gaida su kafin in wuce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, ko a gaban waye.

Da yammar nan aka kai shi wani ƙaramin asibiti na unguwa. Baffa ya shiga da shi, ni na tsaya a bakin ƙofa. Ma'aikacin ya wanke gwiwar ya naɗe, sannan ya ce, "Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ka suma da ka faɗi?"

"A'a."

"Amai fa?"

Baba ya kawar da kai yana kallon bango. Baffa ya amsa masa, "Ɗan tashin zuciya ne kawai, ka san tsorata." Alhali sau biyu ya yi amai a zaure, Inna ce ta wanke wurin. Aka rubuta maganin ciwon jiki, aka ce a kai hannun wajen mai ɗori in an fi yarda da shi, muka dawo gida.

Wannan kalma ta "da sauƙi" har yau in na ji ta sai raina ya ɓaci, kuma ni ma kullum ina faɗinta. Mu a wurinmu ko mutum yana gargara, in ka ce masa ya jiki, amsar ɗaya ce. Godiya ce ga Allah, ladabi ne ga wanda ya zo duba ka, ban ƙi ba. Matsalar ita ce tambayar likita da gaisuwar maƙwabci kalmominsu iri ɗaya ne. An tambayi Baba, shi kuma ya amsa gaisuwa.

Daga washegari aka fara dubiya. Mutanen ofis, mutanen masallaci, dangin Inna daga Unguwa Uku, surukaina daga Tarauni, wasu na fita wasu na shiga. Kowa ya zauna sai ya ce, "Garin yaya?" A nan na fara ganin abin da ya tayar mini da hankali. Baba bai san garin yaya ba. Ya tuna fitowarsa daga ofis, ya tuna yana zaune a tsakar gida ana masa sannu, tsakanin nan babu komai. A wuni ɗaya sau huɗu ya ɗaga hannunsa da aka ɗaure ya tambayi Inna, "Wai me ya sami hannun nan?" Ta faɗa masa, ya ce Allah ya kyauta, an jima ya sake tambaya.

Da yake Baffa kullum yana wurin, shi ya ɗauki aikin ba da labari, shi da ko kusa da kwanar bai kasance ba. Ya faɗa, ya maimaita, ya ƙara gishiri, har da yadda babur ya yi sama. Zuwa rana ta uku Baba ya haddace. Na ji shi da kunnena yana ba wasu baƙi labarin faɗuwarsa da kalmomin Baffa, har da "ka san tsorata". Baƙin suka tashi suna cewa jiki ya yi kyau, ga shi har hira yake yi.

Hayaniyar kuwa azaba ce a gare shi. In ɗakin ya cika sai ya runtse ido ya dafe goshi. Ya sa aka saki labule da rana tsaka. Ya sa aka kashe rediyo, Baban da shirin siyasa ba ya wuce shi, yana zaune yana musu da mutanen da ke cikin akwatin kamar suna jin sa. Na ja Inna zuwa kicin na ce a riƙa ce wa baƙi yana barci.

Ta dube ni ta ce, "Mutum ya taso tun daga Unguwa Uku ya zo dubiya, a tsayar da shi a zaure? Me kike so a ce da mu a gari?"

Na ce, "Inna, kansa ne yake ciwo."

"Ya faɗa miki?"

Bai faɗa ba. Na koma ɗaki na ci gaba da miƙa wa baƙi ruwa, wanda ya tambaye ni ya mai jiki, na ce da sauƙi.

A rana ta biyar, ina wucewa ta kwanar, matar da take soya awara a wurin ta kira ni. Ta yi mini jaje, sannan ta ce, "Ai mu mun ɗauka ya cika. Yana kwance ko motsi babu, ido a kafe, har mun fara salati. Sai da aka nemo ruwa daga shagon can aka yayyafa masa, aka sake yayyafawa, sannan ya buɗe ido." Ɗan acaɓan da ya san wannan ya ajiye Baba a ƙofar gida ya yi gaba tun ranar, tsoron kada a riƙe shi.

Na kai wa Baffa maganar da gudu-gudu. Yana zaune a zaure yana cin goro. Na durƙusa na gaishe shi na ce Baba ya suma a ranar, kuma ba a faɗa wa ma'aikacin asibiti ba, ya kamata a koma babban asibiti a duba kan.

Ya ce, "Wa ya ce ya suma?"

"Mai awarar kwana."

"Mai awara." Ya tofar da tukar goro. "Shi mai jikin ya ce bai suma ba, ke da mai awara kun ce ya suma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tashi ki je ki taya uwarki aiki."

Na so in ce masa wanda ya suma ai shi ne na ƙarshen sanin ya suma. Maganar ta zo har bakina, na haɗiye ta. Babban asibitin nan ko mota ba sai an hau ba daga gidanmu, mutum da ƙafarsa ma zai je.

Abin haushi kuma, sai Baba ya samu sauƙi na gaske. Bayan kwana goma ya daina maimaita tambaya, ya kunna rediyonsa ƙasa-ƙasa, ya sa babbar riga ya koma ofis. Ni na zama abin dariya. Maigidana in na shigo sai ya ce, "Sannu da zuwa, likita." Baffa in ya gan ni sai ya tambaye ni ya mai awara. Na ji kunya, kuma na yi murna, don na fi son in zama mai ƙarya da in zama mai gaskiya a kan wannan.

A mako na uku abubuwa suka fara juyawa a hankali. Da farko barci ne. Baba ya dawo daga ofis ya kwanta bayan la'asar, har a yi magariba sai an tashe shi, mutumin da ladan ma wani lokaci a masallaci yake samun sa. Sai faɗa ya biyo baya. Wata rana ya ɗanɗana miya ya ture kwanon da ƙafa, ya daka wa Inna tsawa a gaban matar maƙwabta. Shekara talatin da wani abu suna tare bai taɓa ɗaga mata murya ba. Inna ta shige ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta sake masa wata miyar. Bayan kwana biyu wani abokin aikinsa ya kawo shi gida riƙe da hannu. Ya same shi tsaye a bakin kasuwar Tarauni, ya sauka daga bas a inda ba tasharsa ba, yana dube-dube bai san ta inda zai bi ba.

Nan kowa ya zama masani. Baffa ya ce hawan jini ne, ya je kemis aka haɗo masa ƙwayoyi. Inna ta ce wuri irin kwanar nan ba a rasa iska, ta sa aka karɓo rubutu, ɗakin Baba ya cika da hayaƙin turare. Mutanen masallaci suka ce tunanin ritaya ne, haka yake yi wa ma'aikata. Ban ƙi addu'a ba, ni ma na yi ta har goshina ya yi zafi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne an kawo dalili uku, babu wanda ya ambaci kwalbati. Gwiwa ta warke, an kwance ɗori, a wurinsu an gama da maganar faɗuwa.

Ranar wata Laraba ina zaune a tsakar gida Baba ya fito zai je alwala. Silifarsa ta dama ta zame daga ƙafarsa. Ya yi taku uku da ƙafa ɗaya a ƙasa bai sani ba. Na ɗauko na sa masa, ya sake tafiya, ta sake zamewa. Yana jan ƙafar ne kaɗan, in ba ka zuba ido ba ba za ka gani ba. Ban san sunan abin ba, ban karanta likitanci ba, amma na san daga kan nan ne.

Wannan karon ban bi ta kan Baffa ba. Da Baba ya idar da salla na shiga na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, don Allah ka bari a kai ka a duba kanka. Tun faɗuwar nan ba ka dawo daidai ba."

Ya ɗago ya dube ni da wasu idanu jajaye da ban san shi da su ba. Ya ce, "Ke. Hauka kike cewa na yi?"

"A'a Baba, ni dai..."

"Ina raye a gidana kina bi kina gaya wa mutane kaina ya taɓu? Kada in sake jin maganar kaina a bakinki. In kuma kin ƙi, kada ki sake tako mini gida."

Yanzu na san ciwon ne yake magana, har da wannan fushin. A lokacin kuwa ubana ne ya yi mini iyaka, da muryarsa, a kan buzun sallarsa. Na ce to. Na tashi na ɗauki jakata na koma Tarauni.

Mako biyu na yi da bakina a rufe. Kullum ina biyawa in gaishe shi, in ce Baba ya jiki, ya ce da sauƙi, in ce Allah ya ƙara sauƙi. Ina ganin cokali yana karkarwa a hannunsa na dama, ina ganin ya daina zuwa ofis, ina ganin yana neman kalma a tsakiyar magana ya rasa. Haushin sai na sauke shi a kan 'yan ajina, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Maigidana ya daina tsokanata, ya ce ko shi zai yi wa Baffa magana. Ya je ya yi, aka ce masa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ya dawo da kunyar suruki.

Ranar Juma'a da safe Inna ta miƙa wa Baba kofin koko, ya kama, kofin ya sulale ya zube masa a cinya. Ya buɗe baki zai yi magana, harshen ya yi nauyi. Sai a lokacin Baffa ya yarda a nemo tasi, shi ma don yana zaton shanyewar jiki ce ta hawan jini. Inna ta aiko aka kira ni daga makaranta, na same su a babban asibiti.

Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Baffa yana zaune kusa da Baba, ni da Inna muna tsaye a baya. Baffa ya zayyana tarihin hawan jini da ƙwayoyin kemis da tunanin ritaya. Likitan ya gwada jinin ya ce bai hau sosai ba. Ya juya ga Baba.

"Baba, kanka yana ciwo?"

Baba ya yi ta kokawa da harshensa, da ƙyar ya fitar da ita. "Da... sauƙi."

"Ya taɓa faɗuwa kwanan nan, ko wani abu ya buge shi a kai?"

Baffa ya ce, "A'a. Wani ɗan tsautsayin babur ne kwanaki, ya wuce. Kai ma bai fashe ba."

Ban san lokacin da na ce, "Ba gaskiya ba ne."

Inna ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Baffa ya juyo ya ce, "Ke, fita waje."

Likitan ya ce, "Alhaji, a bar ta. Ci gaba, ina jin ki."

Mako biyar ke nan, shi ne mutum na farko da ya ce mini ci gaba. Na faɗi komai cikin fushi. Ƙeya da kwalbati, suman da mai awara ta gani, aman zaure, tambayar hannu sau huɗu, labule, rediyo, kwanon miya, kasuwar Tarauni, silifa. Baba yana zaune yana kallona, ni kuma na ƙi kallonsa. Likitan ya rubuta duka, ya ce a yi hoton kai yanzu-yanzu.

Da hoton ya fito ya kira mu ya ɗora shi a jikin fitila. Ya ce mu ɗauki kankana da ta faɗo daga kan baro, ɓawonta lafiya ƙalau, sai an yanka a ga cikin ya dagule. Ƙwaƙwalwa ta girgizu a ranar, shi ya kawo suma da amai da mantuwa, kuma abin da take so a lokacin shi ne hutu da shiru da sa ido. Wannan ya lafa da kansa. Amma wata 'yar jijiya ta tsage a ƙarƙashin ƙoƙon kai, tana ɗigar da jini kaɗan-kaɗan duk tsawon makonnin nan, ba shi da hanyar fita, ya taru ya danne ƙwaƙwalwar ta gefen hagu, shi ya sa dama ta mutu. Ya ce a masu shekaru irin na Baba hakan yana faruwa, kuma rashin jini a waje ba ya nuna komai game da ciki. Baffa ya yi ta kallon hoton yana jan carbi.

Washegari aka shiga da Baba tiyata, aka huda ƙoƙon aka zuƙe jinin. Ya farfaɗo, ya gane mu, bayan kwanaki maganarsa ta dawo, fushin nan ma ya tafi kamar ba a yi ba. Ƙafar ta dawo da ɗan ɗingishi. Hannun dama ne bai dawo ba. Yana ɗaga shi, amma yatsun ba sa riƙe biro, ba sa riƙe buta. Ritayar da saura shekara biyu ta zo a wannan shekarar.

Kafin a sallame mu na tare likitan a baranda na tambaye shi, da an kawo shi mako biyu da suka wuce, hannun zai tsira? Ya ce ba zai iya rantse mini ba, amma irin wannan duk yadda aka zo da wuri ya fi. Na gode masa. Na je bayan ɗakin na zauna a kan dakali na yi kukan da ban yi ba tun farko, kuma rabinsa haushin kaina ne.

Baffa ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata, don na ƙaryata shi a gaban bare. Daga baya ya huce, har ya koma ba da labarin a majalisarsa, inda a ciki shi ne ya matsa aka yi hoton kai. Na bar masa, ba shi ne ya dame ni ba.

Baba bai tuna komai ba daga cikin makonnin nan biyar. Inna ce ta riƙa ba shi labari a hankali, tana zaɓar abin da za ta faɗa. Kwanon miya bai shiga ciki ba. Abin da ya ce mini ranar Laraba ma bai shiga ba, don ba ta so ya ji nauyi.

Wata rana na biya bayan makaranta, la'asar ta yi, Inna tana tuƙa tuwo, sai na ɗauki buta ina zuba masa ruwan alwala. Ya wanke fuska da hannun hagu, na taya shi wanke na daman har gwiwar hannu. Yana kallon yatsun nan da suka lanƙwashe, sai ya ce, "Uwata."

"Na'am, Baba."

"Innarki ta ce ke kika fara ganewa. Tun kafin hannun nan ya mutu."

"Eh, Baba."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Babu faɗa a muryarsa, tambaya ce kawai yake yi don yana so ya sani. Amsar tana bakina, da ranarta da wurinta da kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Na dubi Inna, ta tsayar da muciya tana kallona. Na dubi tabon da ke gefen kansa inda gashi bai gama fitowa ba.

Na ce, "Kuskure na yi, Baba. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe miki. Allah ya yi miki albarka." Ya yi shafar kai, ya miƙo mini ƙafar dama in wanke.